Fayafayan Badaru

Bahijja ta sauka daga motar Shagari, ta nufi shagon gyaran rediyo na Badaru a kasuwar Boɗinga. Ta tarar da shi a durƙushe yana jera fayafayan garmahonsa cikin kwali, na tsofaffin waƙoƙin Turawa da aka sake kaɗawa da fiyano a salon jaz.

"Ina za a kai su?" ta tambaya.

Bai ɗago ba. "Sayarwa zan yi. Kawunki ya ce ba ya ba da ɗiya ga mai sauraren wanga kiɗa. Ke na zaɓa."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zaro faifai ɗaya, ta goge da gefen mayafinta, ta ɗora a garmaho, ta saukar da allura. Fiyano ya fara a hankali.

"Badaru, dube ni." Ya dube ta. "In kana zubar da abin da kake so don an ɗaga maka murya, wata rana ni za ka zubar."

Ya ture kwalin gefe.

"Turo magabatanka ranar Juma'a," ta ce. "Kawu kuwa, bar ni da shi. A hannunsa na tashi, na san lagonsa."