Ɗaki na Huɗu

Rabin gidajen kogo da ke cikin tudun nan na garin Guadix, tsoho Torcuato ne ya haƙa su da hannunsa, shi ya sa saje ya tasa shi gaba da hantsi zuwa gidan Angustias. Mijinta Eulogio ake nema. Shekara shida ke nan da gama yaƙi, ita kuwa maganarta ɗaya ce: ya tsallaka Faransa.

"Baba, ɗaki nawa ka haƙa musu?" in ji saje. "Tuna da kyau. In ma yana nan, shekara goma kawai zai yi a kurkuku ya fito abinsa."

Torcuato ya gyara baƙin ƙyallen makoki da ke damtsensa, ya ajiye jakar ɗanyen yumɓu da ya riƙo, ya shiga bin bango yana ƙwanƙwasawa. A ƙuryar ɗaki na uku akwai wani ƙaton kabad, wanda ba ya turuwa daga bayansa sai ta waje. Ya buga gefensa sau ɗaya. Bangon ya amsa kamar ganga, alamar akwai wani ɗaki a bayan kabad ɗin.

Angustias ta daskare. Kogon sanyi ƙalau, amma zufa ta jiƙe mata wuya. Saje yana can yana leƙen tukwane.

"Uku ne," in ji Torcuato. "Nan ƙasa ce zalla."

"Ka tabbata, ko dai tsufa ne?"

"Yaro, ina haƙa tun ubanka na wasan ƙasa."

Saje ya yi tsaki, ya ce duk da haka sai ya tafi da matar, ta kwana uku tana amsa tambayoyi. A bakin ƙofa ta damƙe hannun tsohon, idonta taf da hawaye. "Allah Ya saka maka, Baba." Ya zare hannunsa.

Bai nufi gida ba. Ya hau saman tudun, ya ratsa fararen bututun hayaƙi da awakin da ke kiwo a tsakaninsu, ya durƙusa gindin wata busasshiyar ƙaya. 'Yar kafar tana nan inda ya huda ta da kansa, ita kaɗai ke kai iska ɗaki na huɗu. Ya kara kunne, ya ji tari can ƙasa.

Ya kwance jakar, ya fara cusa yumɓun a hankali yana dannawa da babban yatsa. Shekara goma ta yi kaɗan ga Eulogio, mutumin da ya harbe masa Damián, ɗansa tilo.