Zobe a Birnin Ƙwanni

Baffansa ya kalli bidiyon da ke wayar sau uku. Shi kuwa yana tsaye a zaure, yana jiran jin ranar da baffan zai kai goron tambaya, don in ba shi ya je ba, iyayen yarinyar ba za su saurari kowa ba.

Ranar Asabar da ta wuce ne saurayin ya ɗauki yarinyar da yayarta daga Illela, suka tsallaka Birnin Ƙwanni, wai yawon ganin tarihi. A gindin wani tsohon gini ya zaro zobe, ya zube gabanta da gwiwa ɗaya, kamar yadda ya gani a waya. Yayar mai ɗaukar bidiyo ta ce haske bai yi ba, a sake. Sau huɗu yana zubewa kafin yarinyar ta ce ta yarda.

"Wanga kai na?" in ji baffan.

"Ni na, Baffa. Haka zamani ya zo."

"Madalla. Shekara uku kana gaishe mu tsaye, ka ce likita ya hana ka lanƙwasa gwiwa tun da ka faɗo daga babur. Har rubutun sha na sa anka yi maka."

Saurayin ya dubi gwiwarsa.

Baffan ya miƙa masa wayar, ya gyara zama a kan buzu.

"Goro ina kai shi. Amma mu goma sha ɗaya na cikin dangi da ba mu san ka warke ba. Fara da ni. Kuma mu gwiwa biyu muke karɓa."