Tarko a Cikin Hoto

Anas ya dawo daga roron gyaɗa ya tarar da kwamfutarsa da ɗumi, cajin da ya bari da safe ya yi ƙasa. Ba yau aka fara ba. A ƙauyensu da ke gefen Makoda ba wuta, sai ya hau babur ya kai ta shagon mai sola kafin ta cika, don haka abin ya tsaya masa a rai.

Abin da ke cikinta ya fi cajin damunsa. Tun da ya gama difloma a Ɗanbatta yake koyon gina shafukan intanet, kuma aikinsa na farko shafi ne na hotunan gida: na suna, na biki, na Inna, mahaifiyarsu da ta rasu bara, da na Raudatu, wadda zai aura bayan kaka. Ya rubuta 'yan layukan JavaScript, ya sa umarnin requestFullscreen, ta yadda duk hoton da aka danna sai ya buɗe ya cika allo, komai ya ɓace sai shi.

Ranar Sallah ya nuna wa mutanen gida. Ya ce burauza, manhajar da ke buɗe shafuka, ba ta yarda hoto ya cika allo don kansa, sai mutum ya danna da hannunsa, kuma maɓallin kusurwar hagu ta sama ne ke mayar da shi. Ƙanwarsa Rufaida ta yi ta murna. Abdulganiyu, ɗan baffansa da suke ɗaki ɗaya, ya daɗe yana kallon hoton Raudatu, har ya ce wasu dai sun yi sa'a. Baba, mahaifinsu, kuwa a bakin ƙofa ya tsaya da carbinsa, bai shigo ba. Shi ne ya sa aka sauke duk hotunan bango bayan rasuwar, ya ce mamaci addu'a yake bukata.

Maganar Abdulganiyu ce ta yi ta dawo wa Anas. Shi ne mai yawan barin gona da rana, wai zai shayar da shanu. A gida ba kowa a lokacin sai Baba da ke kwance da ciwon gwiwa, Rufaida tana Islamiyya.

Anas bai tambayi kowa ba. Ya ɗauki muryarsa a waya, ya sauya rubutun shafin. Yanzu duk wanda ya danna hoto, kyamara za ta ɗauki fuskarsa nan take, sannan jan allo ya bayyana a madadin hoton, murya ta tashi: "Ɓarawo, marar kunya! Allah ya tona asirinka." Ya san burauza ba za ta bari ya hana mutum fita daga cikakken allo ba, sai ya sa muryar ta ci gaba da maimaitawa ko an fita. Ya ƙure sautin, ya tafi gona yana jin daɗin dabararsa.

Da la'asar ya tarar tarkon ya kama. Kwamfutar tana buɗe a kan katifa, an danne ta da matashi, an ƙara da bargo, batirin ya mutu.

Bai jira ya ga hoton ba. Bayan magariba, ana zaune a tsakar gida gaban tuwo, ya dubi Abdulganiyu ya tambaye shi ko muryar ta yi masa daɗi. Ya faɗi komai a gaban kowa: cajin, tarkon, da irin kallon da ake yi wa matar da zai aura. Abdulganiyu ya rantse cewa da ya shayar da shanu sai ya wuce gonar maƙwabcinsu Malam Kamaruddeen taya shi ɗaurin dawa. Anas ya yi dariya, ya ce gobe hoto zai yi magana.

"Anas, bar maganar nan," in ji Baba, bai ɗago kai ba.

"Baba, ɓarawo ne fa. Wanda ke laɓe yana kallon abin da ba nasa ba, wane suna za a ba shi?"

Baba ya cire hannu daga kwano, ya wanke, ya dogara sandarsa ya nufi masallaci tun ba a kira isha'i ba. Abdulganiyu ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure da kwana.

Da safe Anas ya haɗu da Malam Kamaruddeen a hanya. Dattijon ya ce a yi masa godiya wurin Abdulganiyu, jiya ba don shi ba da dawar ta kwana a gona. Anas ya amsa da to, ya wuce. Ya ci mutuncin ɗan'uwansa a banza, bai kuma san da wane baki zai ba shi haƙuri ba. Ya fara tunanin ko Rufaida ce ta dawo da wuri.

A shagon mai sola ya jona kwamfutar, ya juya wa mutane baya, ya buɗe inda shafin ke ajiye abin da ya kama. Ba a taɓa hoton Raudatu ba. Na Inna aka danna, wanda take zaune bakin rumbu tana ɓarar gyaɗa.

Ya buɗe abin da kyamarar ta ɗauka kafin muryarsa ta tashi, ya cika allon: Baba ne, ya matso da fuskarsa dab da gilashin, yana wani murmushi da Anas bai ƙara gani ba tun ranar da aka kai Inna makwancinta.