Kumatun Kakan Wani Attajiri

Kullum ku ce na cika tonon silili, ni da duk unguwar nan babu mai riƙon asiri kamata. To ga wanda ya tona nasa da hannunsa. Wani attajiri ne mai alfahari da Fulatanci, ya gaji mutum-mutumin kakansa, daga kai zuwa ƙirji, wanda wani Bature ya yi da farin garin nan da ake ɗaure karaya da shi a asibiti. Kumatu sumul, hanci har baka. Yana da amini Babarbare, kullum suka haɗu sai ya nuna masa kakan ya ce, "Bawa, gaida ubangidanku." Abin bai ishe shi ba, ya ce sai masana sun tabbatar da tsufan kayan, don a rufe bakin masu musu. Ya kai shi gidan adana kayan tarihi, ranar jin sakamako kuma ya gayyato aminin da rabin majalisarsu, ya sha babbar riga.

Masanan sun kankari fenti, bai kai ƙwayar gero ba, sun duba a madubin ƙara girma, sun ɗauki hoton kan da na'urar ganin ƙashi. Shugabarsu ta ce tsufa kam akwai shi, launin farko jar ƙasa ce da aka dama da ƙaro. Attajiri ya gyara hula. Ta ce sai dai na saman fentin kanti ne na baya-bayan nan, kuma kafin a shafa shi an cike wasu ramuka da alli. Ta ɗaga hoton a haske. Ga tsage nan rututu a kumatu biyu, ga ɗaya ya sauko daga goshi, zanen Barebari tsaf, yadda wanzami ya yi shi, yadda Bature ya kwafe shi. Wani a gidan attajirin ne ya toshe, ya yi shiru har kabari. Aminin ya matso ya daɗe yana duba hoton, sannan ya dafa kafaɗar attajirin ya ce, "Ƙanena, ashe shekara da shekaru gida kake zagi?"

Ai dama Hausawa sun faɗa: garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta.