Tsohuwar da Ba Ta Iya Kuka Ba

Wata uku Farfesa Pyo ya kwashe yana mayar da wani aji a jami'arsu da ke birnin Daegu ofishin jin daɗin jama'a na gwaji. Har allo ya sa aka kafa a ƙofar da ke kallon titi. A nan ɗalibansa za su koyi tarbar masu matsala: ɗan wasan kwaikwayo ya shigo da kukan ƙarya, Farfesa kuma yana bayan gilashi yana ba ɗaliban maki.

Ranar buɗewa shugaban jami'a na zaune kusa da shi. Tun lokaci bai yi ba wata tsohuwa ta turo ƙofa, rungume da ƙullin kaya. Ɗalibar da layi ya zo kanta, Da-som, ta miƙe ta rusuna.

"Zauna, Kaka. Me ke tafe da ke?"

Tsohuwa ta zauna, ta ɗora ƙullinta a cinya. Can ta ce ɗanta ne, in ya sha ya bugu yakan kulle ta a banɗaki. Farfesa ya ja tsaki. Abin da ya rubuta a takardar wasan miji ne, ba ɗa ba.

"Ba mugu ba ne," in ji ta, har da ɗan murmushi. "Jiya ma shi ya dafa min shinkafa."

Ko ɗigon hawaye babu. Da-som ta ajiye jerin tambayoyinta ta riƙe hannun tsohuwar. Farfesa ya zabge wa Da-som maki biyar, ya faɗa ɗakin.

"Iya, shekara ashirin ina rubutu kan tsofaffin da ake zalunta. Ba haka suke ba. Kuka suke, jiki na ɓari. Ke kuwa kamar mai cinikin kabeji. Je ki gida ki sake shiri."

"Gida zan koma?"

"Gida mana. In kin iya, kya dawo."

Ta ɗauki ƙullinta, ta rusuna sau biyu, ta ba shi haƙurin ɓata masa lokaci, ta fice. Da-som ta yunƙura za ta bi ta, ya daka mata tsawa ta zauna. Shugaban jami'a ya yaba masa, ya ce ƙwararre dai ƙwararre ne.

Suna cikin musabaha wata mata ta shigo tana haki, da farin gashin roba a hannu.

"Farfesa, a yi haƙuri, cunkoso ne ya riƙe ni. Ni ce aka turo in yi tsohuwar."