Lambar da Ya Ba Banki

Ina ɗakin abokina, Allah ya jiƙansa, ranar da budurwarsa ta shigo. Tun da kamfaninsu ya sallame shi ya kasa biyan bashin katin banki, kuma bai gaya mata ba.

"Yallaɓai, ashe an ɗaura mana aure ban sani ba?" ta ce da murmushin ƙarfin hali. "Mutanen banki sun dame ni da waya, wai matarka suke nema."

Ya sunkuyar da kai. "Da na karɓi katin, lambarki na ba su, na ce ke matata ce. Na ɗauka kafin su kira, maganar ta tabbata."

Ta cire 'yan kunnenta na zinariya ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya mayar mata.

"Riƙe abinki. Ba zan ja ki cikin wannan masifa ba. In sun sake kira, ki ce ba ki san ni ba."

"Har cikin ranka?"

Sai ga wayarta ta yi ƙara, mutanen banki ne kuma. Ta ɗauka, idonta a kansa, tana jira ya hana ta. Bai ko ɗago ba.

"Ku yi haƙuri," ta ce, "ban san shi ba."