Ɗakin Ƙasa na Mama Atine

Nanret na cikin kwashe tuwon acca Mama Atine ta shigo kicin, ta zauna ko takalmi ba ta cire ba.

"An kai ƙarata," in ji ta. "Wai na mai da gidana masauki."

Ba sharri aka yi mata ba. Tun da ta sayi gidan nan a garin Bowie, ɗakin ƙasa, na ƙarƙashin gidan, bai taɓa rabuwa da baƙo ba. Duk ɗan Filato da ya sauka Amurka da jaka ɗaya, nan ake kawo shi. Sharaɗin Mama ɗaya ne: in ƙafarka ta yi ƙwari, ka tashi ka ba na baya wuri. Yanzu Nanret ce a ciki, ita da wasu mata biyu. Karatun jinya take yi, in aka rufe ɗakin ba ta da inda za ta sa kanta.

Sai dai layin ya canza. Direbobin bas da malaman makarantar da Mama ta tarar duk sun sayar sun tafi. Likitoci da lauyoyi suka maye gurbinsu, masu duba farashin gidajensu a waya kamar mai awon hawan jini. Ƙungiyar masu gidaje ta kafa doka: ba a zaunar da bare a gida.

Nanret ba ta wahalar da kanta wajen neman mai ƙarar ba. Abby ce, lauyar da ke maƙwabtaka da su, wadda ke rufe taga duk ranar da aka sa daddawa a miya. Daga ranar da ta ji labarin ƙarar, Nanret ta daina gaishe ta.

Da yamma ta tsallaka titi wurin Longji. Shi ma a ɗakin ya fara, da rigar sanyi ta aro. Yau injiniya ne, ya sayi gidan da ke fuskantar na Mama, kuma danginsa sun riga sun je gaisuwa wurin iyayenta a Pankshin.

"Haba, Madam Nas, hawaye a kan wannan?" Ya share mata da bayan hannu. "Unguwa ce ke girma, dole a yi haƙuri. Ke da kin kusa tsallakowa nan gaba ɗaya? Zan raka ku taron ƙungiyar ranar Asabar."

Ta koma gida zuciyarta wasai.

Ranar Asabar Mama ta ɗaura zanen zumuntar mata na coci. Longji ya tuƙa su, ya riƙe mata jaka, ya zauna tsakaninsu. Shugaban ƙungiya ya ce mai ƙara ya nemi a sakaya sunansa.

Mama ta miƙe. "Waɗanda na haifa da waɗanda na raina, tukunya ɗaya suka ci. A nuna mini bare a cikinsu."

Sai ga Abby ta ɗaga hannu. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mai haya a gidan ba, baƙin Lahadi kawai take gani. Nanret ta sunkuyar da kai don kunyar zargin da ta yi mata. Longji ya damƙe hannunta.

Shugaban ya ce akwai shaida. Aka rage fitila, aka haska hotuna a bango. Motoci a jere. Takalma a bakin ƙofar ɗakin ƙasa. Mama ta ja tsaki, wannan ai ba komai ba ne.

Sai aka haska hoto na ƙarshe. Nanret ce a ƙofar, da safe, ba takalmi, da zanen barci, tana dariya. Ko makaho ya san nan ta kwana.

Ba satar hoton aka yi ba. Ita ta tsaya, har da gyara ɗankwali, don mutumin da ke riƙe da hannunta yanzu ya ce mata, "Tsaya haka, masoyiya, kin yi kyau."